Bindigar Ɗuri Ta Hannu: Tsatsar Ciki Da Gigin Cika Albarushi

Daga watan Oktoba zuwa farkon Janairu, jihohi da dama a Amurka kan ware wa mafarauta wasu kwanaki da ba a shiga daji da kowace irin bindiga sai wadda ake ɗurawa ta baki. Abin na iya ba Bahaushe dariya. Ƙasar da ta cika ta batse da makaman zamani, sai ga mutum da motarsa da wayarsa a aljihu, yana tsaye cikin ƙanƙara yana tsiyaya albarushi ta bakin bindiga, yana danna harsashi da sanda. Amma kasuwa ce babba, kuma a gefenta akwai kasuwar 'yan hannu, wadda ita ce ta ja hankalina. Abin da na fahimta shi ne, mai sayen irin wannan bindiga ta hannu halin wanda ya riƙe ta kafin shi yake saye, sunan kamfani kuwa bayan nan yake zuwa. In kuma aka zo maganar ɗuri, babu abin da ke ɓata wa sabon shiga lissafi kamar kwaɗayin cikawa.

Sai an san inda bindigar ta samo asali kafin a gane dalilin da ya sa 'yan hannunta suke yadda suke. A farkon ƙarni na 20 barewa mai farar wutsiya ta kusa ƙarewa a Amurka, ana ƙiyasin ba ta wuce 500,000 ba. Dokokin kare dabbobi suka farfaɗo da ita, har yau ana maganar kusan miliyan 30. Da dabba ta yi yawa sai jihohi suka ƙara lokutan farauta, suka keɓe wasu ga masu sha'awar makaman kaka da kakanni. Kamfanin Thompson/Center ya fito da samfurinsa na Hawken a 1970, fim ɗin Jeremiah Johnson na 1972 ya ƙara rura sha'awar, jihar Pensilbaniya kuma ta buɗe lokacin farauta da bindiga mai ƙyastu a 1974. Waɗancan bindigogi a gefe ake kunna su, wuta sai ta sha kwana kafin ta isa ga albarushi, raɓa kaɗan ta isa ta sa su ƙi tashi.

A 1985 wani maƙerin bindiga a jihar Misuri, Tony Knight, ya fito da samfurin MK-85. Dabararsa ita ce ya ɗauke hular wuta, wato 'yar hular da ke tayar da tartsatsi, daga gefe ya mai da ita daidai bayan albarushi, tartsatsi ya riƙa tafiya a miƙe. Ita ce ake kira inlayin. Daga baya aka sauya 'yar ƙaramar hular da furaima mai lamba 209, irin wadda ke gindin harsashin bindigar tsuntsaye, aka ɗora madubin saiti, aka yi masu karyewa a tsakiya. Bindigar da a da ake murna in ta sami dabba a mita 70 ta koma tana kaiwa mita 150 har fiye.

To a nan gizo ke saƙar. Mutanen farko masoya tarihi ne, wanke bindiga da shafe ta da mai yana cikin abin da suke jin daɗinsa. Wanda inlayin ta jawo kuwa, galibi ba bindigar ce ta dame shi ba, ƙarin mako guda a daji yake so da ƙarin nama a firiza. Doka ce ta tilasta masa ɗuri ta baki. Irin wannan mutum zai harba sau biyar kafin lokaci ya kama, ya harba sau ɗaya a daji, ya dawo gida a gajiye da dabbar da za a feɗe, ya jingine bindiga da niyyar sai gobe. Goben nan kan zama watan Satumba na baɗi. Shi ya sa kalmar da masu sayarwa suka fi so, cewa ko sau ashirin ba a harba ta ba, ba ta da wani nauyi. A bindigar zamani yawan harbi ne ke cinye bututu. A bindigar ɗuri, harbi ɗaya da aka kwana ba a wanke ba ya fi harbi ɗari biyar da aka wanke ɓarna.

Dalilin yana cikin tokar. Baƙin albarushi haɗin gishirin kanwar bindiga ne da gawayi da farar wuta, kuma in ya ƙone, fiye da rabinsa ba ya zama iska, yana zama dauɗa. Dauɗar nan tana zuƙo danshi daga iska, ta narke ta zama ruwan gishiri a jikin ƙarfe. Pyrodex, wanda aka ƙirƙiro a tsakiyar shekarun 1970 don ya maye gurbinsa, shi ma haka yake, wasu ma na ganin ya fi cin ƙarfe. A wuri mai laima tsatsa na iya bayyana cikin kwana ɗaya ko biyu. Ƙarfen da ake tallatawa da cewa ba ya tsatsa jinkirta ta kawai yake yi. Kuma ɓarnar a can ƙasa take taruwa, inda albarushi ke zama, wurin da ido ba ya kaiwa in an leƙa ta baki.

Saboda haka abu na farko da mai saye zai yi, tun kafin ya tambayi kuɗi, shi ne ya ɗauka bindigar a ɗure take. Wannan ba tsoro ne na banza ba. Bindigar ɗuri ba ta da wata taga da za a buɗe a ga harsashi, kuma mantuwa da ɗuri tsohuwar cuta ce. Bayan yaƙin Gettysburg na 1863 an tsinci bindigogi sama da 27,000 a filin daga, kusan 24,000 a ɗure, aƙalla rabinsu kuma ɗuri biyu ko fiye ne a ciki, har an sami wadda aka cusa wa 23. Sojoji ne cikin ruɗewa, amma mafarauci da ya ajiye bindiga shekara uku, ko magada da suka fito da ita daga bayan ƙofa bayan rasuwar mai ita, ba su fi su tuna abin da ke ciki ba. Ana tabbatar da babu hula ko furaima a gindi, a zura sandar ɗuri har ta tsaya, a riƙe wurin da ta tsaya, a zaro ta a gwada a jikin bututun daga waje. In ba ta kai gindi ba, akwai abu a ciki.

Sai kuma toshiyar gindi, wato dunƙulen ƙarfen nan mai zare da ke rufe bututu daga baya, wanda tartsatsi ke ratsawa. Mai sayen doki haƙora yake dubawa, mai sayen inlayin kuma toshiya yake cewa a kwance masa. Babbar falalar wannan bindiga a kan ta gargajiya ke nan, ana iya cire toshiyar a ga haske daga wannan baki zuwa wancan. In mai sayarwa ya ce ba shi da sifanar kwancewa, ko ya ce ta ɗan ƙame amma da mai za ta saki, ni dai a wurina ciniki ya ƙare. Toshiyar da ta ƙame shaida ce cewa ba a shafa wa zarenta man hana kamawa ba, ba a kuma cire ta an wanke ba, kuma abin da ya kama zaren bai bar bututun ba.

In ta fita, sai a goge bututun da busasshen ƙyalle kafin a duba, domin mai na ɓoye ramuka, kuma ɗan kasuwa ya san haka. Bututu mai lafiya yana sheƙi, tsagar cikinsa mai murɗewa tana da kaifi. 'Yar dusashewa ba ta hana saiti. Ramuka masu zurfi kuwa suna yayyaga rigar robar da ke riƙe harsashi, suna tara dauɗa, kuma ba sa cikewa. Akwai wata illa da hannu ya fi ido gane ta: a tura matsattsen ƙyalle a hankali, in aka ji ya sake a wani wuri sannan ya sake matsewa, bututun ya kumbura a nan. Hakan na faruwa in an harba alhali harsashi bai zauna a kan albarushi ba, ko wani abu ya toshe hanya. Bututun da ya kumbura ya gama aiki, ko kyauta aka bayar asara ce. Ita kanta toshiyar tana da ɗan rami da bai kai milimita ɗaya ba, wanda wuta ke faɗaɗawa a hankali, amma wannan da sauƙi, sabuwa ake saye. Leɓen bakin bututu, kunama da makullinta, duk a duba, ba sa cin lokaci.

Bayan ƙarfe sai takarda. Kamfanin CVA ya yi kiranyen inlayin ɗin da ya ƙera a 1995 da 1996, kuma ana gane su da lambobi biyu na ƙarshen lambar jikinsu. Har yau suna yawo a kasuwar 'yan hannu. Maganar kayan gyara ma abin lura ce. Smith & Wesson ya sayi Thompson/Center a 2007, ya sanar a 2021 cewa zai rabu da shi, aka shafe shekaru kayansa na wuya. Remington ya karye a 2020, ga shi samfurinsa na 700 Ultimate yana amfani da wani kwanson kunnawa nasa na musamman. Tsofaffin Knight masu buɗaɗɗen gindi suna da bututu mai kyau ƙwarai, kuma sau da yawa su ne suka fi araha, sai dai suna feso dauɗa baya, ba kuma kowane albarushin zamani ne ya dace da su ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne wanda ba a gani. Kamfanin Savage ya taɓa ƙera samfurin 10ML-II, wanda aka gina musamman don ya ɗauki albarushi marar hayaƙi, irin na harsashin zamani. Kasancewarsa ya sa wasu suka ɗauka kowace inlayin za ta iya. Ba za ta iya ba. Matsin da albarushi marar hayaƙi ke haifarwa ya ninka na baƙi, kuma bututun da aka yi wa wannan ganganci, in bai fashe nan take ba, yana iya ɗaukar rauni ya yi shiru. Babu fitilar da za ta nuna wannan. Shi ya sa hira da mai sayarwa ke da amfani. A tambaye shi me yake ɗura mata, a bar shi ya yi ta zuba. Mai alfahari da cewa tasa tana cin abin da littafi ya hana, ya riga ya ba da amsa.

Sannan a yi lissafi da hankali. A 'yan shekarun nan sabuwar inlayin mai sauƙin kuɗi, irin CVA Wolf, tana kamawa wajen dala 250 zuwa 300, da garanti da littafinta. In an sayi ta hannu a rabin haka, aka ƙara kuɗin sabuwar toshiya da sifana da sandar da ta ɓace, ribar ta zama 'yar kaɗan. Ta hannu na da ma'ana ne in babbar bindiga ce da sabuwarta ta fi ƙarfin aljihu, kuma bututunta ya ci jarrabawa. In ba haka ba, araha ba ta ado.

Yanzu ɗuri. Yawancin sabbin shiga daga kanti suke farawa, alhali daga littafin dokar jiha ya kamata. Dokar tarayya ta Amurka ba ta lissafa yawancin bindigogin ɗuri cikin bindigogin da sai an yi wa mai saye bincike ba, amma dokar farauta ta kowace jiha daban ce, kuma tana shiga har cikin bututu. A Kolorado, lokacin farautar ɗuri, an hana rigar roba, an hana dunƙulallen albarushi, an hana madubin saiti. Kalifoniya ta hana farauta da harsashin dalma kwata-kwata tun 1 ga Yulin 2019. A Pensilbaniya, lokacin bayan Kirsimeti na masu ƙyastu ne. Ɗurin da ya fi kowane saiti a jihar Ohayo na iya jawo tara a tsaunukan yamma.

Bayan doka sai littafin bindigar, wanda ake samu kyauta ko da ta hannu ce, da abin da aka rubuta a jikin gwangwanin albarushi. In adadinsu ya saɓa, ƙaramin ake bi. A nan akwai wani tarko da ya kamata a tsaya a kai. Ana auna ɗuri da giren, wanda 100 daga cikinsa ya kai kusan giram 6.5. Amma giren ɗin bindigar ɗuri na mudu ne, ba na sikeli ba. Ma'aunin yana nufin gurbin da baƙin albarushi mai wannan nauyi zai cika. Su kuwa na zamani sun fi shi rashin nauyi: cikin ma'aunin giren 100 na Blackhorn 209, in aka ɗora a sikeli, bai wuce 70 ba. Wanda ya karanta 100 a littafi ya je ya auna 100 a sikeli, ya zarce iyakar da masu yin sa suka yanka, wato 120 na mudu, ba tare da ya sani ba.

Kowane albarushi da halinsa. Baƙin na asali ya fi saurin kamawa, amma ya fi wahalar samu saboda dokar ajiyarsa. Pyrodex yana da araha da yawan dauɗa. Triple Seven ya fi ƙarfi, har kamfanin Hodgdon mai yin sa na cewa a rage kashi 15 cikin 100 in ana son ya yi daidai da baƙi, kuma ya yi suna wajen barin wani busasshen zobe a ƙasan bututu, wanda ke tare harsashi na biyu har mutum ya zaci ya zauna alhali da saura. Blackhorn 209, da ya fito a 2008, ya fi su tsabta, ana iya jera harbi ba gogewa, amma ya fi tsada, yana buƙatar furaima mai zafi da rufaffen gindi, kuma da mai ake wanke shi maimakon ruwa. Dunƙulallu masu giren 50 suna da sauƙin jefawa da daskararren hannu, sai dai ba sa barin a ƙara biyar ko a rage goma, kuma in gwangwani ya kwana biyu a buɗe suna shan danshi.

Sai gigin da na ambata. Kusan kowace inlayin ta zamani an buga mata kalmar magnum, ana tallan tana ɗaukar giren 150, wato dunƙule uku. Tana ɗauka, amma me ake samu? An ƙara rabin albarushi, gudun harsashi bai ƙaru da ko kashi ɗaya cikin huɗu ba, domin bututu mai inci 24 ko 26 ba ya cin moriyar duka, saura wuta ce da hayaƙi a baki. Abin da ke ƙaruwa sosai shi ne dukan kafaɗa, kuma mutumin da bindiga ta daka sau uku yakan fara runtse ido kafin ya ja kunama. Zafi da matsi kuma suna narkar da gindin rigar roba, harsashi ya fita a karkace. Barewar da ake nema ba ta cika wuce kilo 70 zuwa 90 ba, kuma a dazukan gabas yawanci a ƙasa da mita 100 ake harbinta. Giren 80 zuwa 100 a bayan harsashi mai giren 250 zuwa 300 ya ishe ta har da rara.

Masu cikawa suna da hujja guda da ba zan raina ba. A filayen yamma, inda ake bin babbar barewar nan da suke kira elk, mai ninka ta gabas sau uku ko huɗu, kuma ba itacen da za a laɓe, ƙarin gudu yana da amfani. Amma ko a can, harsashin da aka saita a mita 100 yana faɗuwa kusan taƙi guda ko fiye a mita 200, dunƙule na uku inci kaɗan yake ragewa. Sanin nisa da sanin faɗuwar harsashinka sun fi shi aiki. Ga mai bindiga ta hannu kuwa, wadda bai san abin da ta gani a baya ba, zama a ƙasa da iyaka wajibi ne.

Game da harsashi, abin da ba a cika faɗa wa mai saye ba shi ne cewa kaliba 50, wato lambar faɗin ramin bututu, suna ne kawai. Faɗin ramin yana bambanta da 'yan dubbai na inci daga kamfani zuwa kamfani, don haka rigar da ta zauna daram a wata bindiga sai an hau sanda da ƙirji a wata, a ta uku kuma ta zurma. Ana son ta shiga da ƙarfi matsakaici, iri ɗaya daga baki har ƙasa. Sau da yawa sauya rigar kaɗai, wadda ba ta da tsada, ya fi sauya albarushi gyara saiti. Murɗewar tsaga ma tana da ta cewa: yawancin inlayin suna juyi ɗaya a inci 28, abin da ya dace da dogon harsashi, ba da dunƙulen dalma na gargajiya ba, wanda ya fi son juyi ɗaya a inci 60 ko fiye.

Sauran aiki na takardar saiti ne da haƙuri. A fara daga giren 80, a harba uku, a goge, a bar bututu ya huce, a ƙara goma. Inda ramukan suka fi haɗuwa, nan ne ɗurin wannan bindigar, ko da maƙwabci ya ce tasa 120 take so. A tsinci rigunan da suka faɗi a gaba a duba, in gindinsu ya yage ko ya narke, an wuce gona da iri. Da zarar an tsaya a kan ɗuri, a yi wa sanda zane daidai bakin bututu. Zanen nan ne zai tona ɗuri biyu, shi ne zai tona harsashin da bai zauna ba. Ba a tsiyaya albarushi kai tsaye daga gwangwani, domin garwashi na iya saura a ciki. In an ja kunama ba ta tashi ba, a bar bakinta yana kallon gaba na aƙalla minti guda.

Mu ma muna da bindigar ɗuri, kuma ba don nishaɗi ba. Adaka da harba-ka-ruga suna hannun mafarauta da masu gadin gona da 'yan sintiri, har dokar bindigogi ta Najeriya ta 1959 ta ware musu sashe nasu. Tokar da ke cin bututu a Misuri ita ce ke cin sa a dajin Falgore, musamman da damina. Amma alƙaluman da na kawo na bututun masana'anta ne, wanda aka san ƙarfensa aka rubuta iyakarsa. Wanda maƙeri ya yi da bututun da ya samu ba shi da littafi, don haka kada wani ya ɗauki 100 ko 80 ya kai wa adaka, kada kuma ya kwance harsashin zamani ya juye mata abin cikinsa. Mafarautanmu, ku wanke ta a daren da kuka harba, kuma kafin ku miƙa wa maƙeri ko ku rataye ta a ɗakin da yara ke shiga, ku zura sanda ku tabbatar babu komai a ciki.